Ɗan aiken na'ura da takardar da ake ba shi: Tambayoyin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar sabon yaron shago ya san makon farko shi ne mai wuya. Ka aike shi wurin Alhaji mai shinkafa a kasuwar da masu shinkafa Alhazai suka kai goma, ya tafi a guje, ya dawo a guje, ashe kuɗin ya kai su inda ba can ba. Yaron bai ci amana ba, kuma bai yi kasala ba, bayanin da aka yi masa ne bai isa ba. Mun kawo wannan misali ne domin irin wannan matsala ce take ci wa manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka tuwo a ƙwarya tun daga shekarar 2023, kuma da yake hajarsu ta wayar salula take shigo mana, ba ta tsayawa a shingen duwan balle na kwastan, ya dace 'yan kasuwarmu na bakin iyaka su san inda aka kwana tun kafin a kawo musu talla har rumfa.

Wane ne wannan ɗan aike?

Jama'a da dama sun ji labarin ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a watan Nuwamba na 2022, wasu kuma sun ci karo da Meta AI a cikin WhatsApp tun da aka buɗe shi ga Najeriya da Ghana a watan Afrilu na 2024. Waɗannan na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da farko aikinsu hira ce kawai, ka yi tambaya su ba ka amsa. Matakin da aka shiga daga baya shi ne na sa su aiki da hannunsu, wato ka ce wa na'urar ta rubuta maka cewa wane zai karɓo kaya ranar kaza, ko ta ɗage ranar biyan wani bashi, ita kuma ta shiga cikin manhajar da ake ajiye waɗannan bayanai ta yi gyaran da kanta. Na'urar da ke irin wannan aiki ita ce za mu riƙa kira ɗan aike a wannan sharhi.

Manhajojin da ake ajiye ayyukan kuwa, irin su Asana da Trello da Todoist da Linear da Jira, ba su da wani bambanci mai yawa da littafin nan mai baƙin bango da ke cikin aljihun tebur a kowane shago. Ana rubuta aikin da za a yi, da wanda zai yi shi, da ranar da ya kamata a gama, da kuma wanda ya fi gaggawa. Ofisoshi a Amurka da Turai sun daɗe suna amfani da su.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan tsari ɗan aiken ba ya ganin manhajar kamar yadda mutum ke ganinta a fuskar waya. Wata 'yar takarda ake miƙa masa, mai ɗauke da jerin kayan aikin da aka yarje masa ya taɓa. Kowane kayan aiki yana da suna, da 'yan layuka na bayanin abin da yake yi, da guraben da za a cike, kamar ranar aiki ko lambar mutum. Daga wannan rubutu kaɗai yake yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a cikin gurbi. Kamfanin OpenAI ya fara ba masu ƙera manhaja wannan dama a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna MCP, domin kowace manhaja ta riƙa gabatar da kayan aikinta da siga guda. OpenAI ya karɓe ta a watan Maris na 2025, Google ya biyo baya a watan Afrilu, sannan a watan Disamba na wannan shekarar ta 2025 aka damƙa ƙa'idar ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. A lokacin Anthropic ya ce irin waɗannan gadoji da ke aiki a fili sun haura 10,000. Kowace gada kuwa wani ne ya zauna ya rubuta mata bayani, wani ya rubuta da natsuwa, wani ya rubuta a tsaitsaye.

Inda gizo ke saƙar

Bari mu ba da misalin da kowa zai iya riƙewa. A fuskar manhajar Todoist, aikin da ya fi kowane gaggawa shi ne mai lamba 1. Amma a ƙofar baya, wato inda na'ura ke magana da na'ura, lissafin a juye yake, lamba 4 ita ce ta gaggawa, lamba 1 kuma ta aikin yau da kullum. A manhajar Linear kuwa lamba 1 ce ta gaggawa, 4 ita ce ta ƙasa. To idan wanda ya rubuta bayanin ya tsaya ga cewa a sa lamba daga 1 zuwa 4, bai faɗi wane ɓangare ne sama ba, ɗan aike zai yi hasashe ne kawai. Mai gida ya ce aikin nan na gaggawa ne, shi kuma ya ajiye shi a ƙasan jeri, kuma ya dawo da rahoton cewa an gama.

Haka batun rufe aiki yake. A Todoist idan aka kammala aiki na sau ɗaya, ya tafi ke nan cikin tarihi, amma idan mai maimaituwa ne, kamar kuɗin haya na wata-wata, kammalawar tana tura shi ne zuwa rana ta gaba. A Trello akwai bambanci tsakanin adana kati a ma'aji, wanda ana iya dawo da shi, da kuma goge shi, wanda ba ya dawowa. Ɗan kasuwa ya san wannan bambanci sarai. Idan aka biya bashi layi ake ja a kan sunan, ba a yage shafin, domin wata rana gardama za ta iya tashi. Mai gidan da ya ce "cire mini bashin wane" yana nufin a ja layi. Idan bayanin kayan aikin bai rarrabe tsakanin biyun ba, ana iya yage shafin.

Su kansu masu ƙera na'urorin sun amsa cewa matsalar babba ce. A wani rubutu da injiniyoyin Anthropic suka wallafa a watan Disamba na 2024, sun ce lokacin da suka ɓata wajen gyara kayan aikin ɗan aikensu ya fi wanda suka ɓata wajen rubuta masa babban umarni. A watan Satumba na 2025 sun sake ba da labarin yadda na'urarsu Claude ta riƙa liƙa "2025" a jikin abin da take nema a intanet ba gaira ba dalili, har hakan ya riƙa karkatar da sakamakon, kuma maganin da suka yi shi ne gyara bayanin kayan aikin. Shawarar da suka bayar ita ce a rubuta bayanin kamar ana yi wa sabon ma'aikaci ne a ranarsa ta farko, a fito da duk abin da tsofaffin hannu suka ɗauka kowa ya sani.

Mu ma'aikatan gidajen rediyon karkara wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sau nawa ake kawo mana sanarwar ɗaurin aure babu rana, ko ta ɓatan saniya babu launi babu shaida, mai gabatarwa ya karanta abin da ke hannunsa, washegari mai sanarwa ya zo yana faɗa? Mai karanta sanarwa ba ya ƙara abin da ba a rubuta ba, in kuwa ya ƙara daga kansa, rigimar ta fi girma.

Yaya ake auna bayanin?

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a ɗauki rubutun a karanta, a duba ko ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da ya kamata a ɗauke shi da lokacin da bai kamata ba, da ma'aunin da ake so a kowane gurbi, da amsar da zai dawo da ita, da kuma ko abin da ya aikata yana warwaruwa. Wannan hanya tana da arha kuma tana kama kurakurai na fili. Rauninta shi ne rubutu yana iya yin kyau a ido amma ya kasa a fagen aiki, kamar yadda buhu kan yi kyau a waje har sai an soka masa ƙarfen gwaji.

Hanya ta biyu ita ce a ba ɗan aiken aiki na gaske, a bar shi ya yi, sannan a buɗe littafin a ga abin da ya rubuta. Wani kamfanin Amurka mai suna Sierra ya fitar da irin wannan jarrabawa a watan Yuni na 2024, inda aka kwaikwayi kanti da kuma ofishin sayar da tikitin jirgin sama. Ba a duba daɗin bakin na'urar ba, abin da ya rage a cikin kundin bayan an gama shi aka kwatanta da abin da ya kamata ya kasance. GPT-4o, wadda tana cikin na gaba-gaba a lokacin, ba ta ci rabin ayyukan ba. Da aka ce sai ta yi aiki guda daidai sau takwas a jere kafin a ba ta maki, a ɓangaren kanti sakamakon ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Na'urorin da suka fito daga baya sun fi haka ƙoƙari, wannan gaskiya ne. Amma darasin maimaitawa yana nan, kuma a ganinmu shi ne ya fi shafar ɗan kasuwa, domin yaron da ke kai saƙo daidai sau bakwai ya ɓatar da na takwas, a mako guda zai iya cinye ribar wata.

Akwai ma gwajin da ya fi kusa da sana'arku. A watan Yuni na 2025 Anthropic ya ba da rahoton yadda ya damƙa wa na'urarsa wani ɗan ƙaramin shago a ofishinsa na San Francisco har kusan wata guda. Ta iya nemo masu sayar da kaya, amma ta riƙa rage farashi ga duk wanda ya lallashe ta, ta sayar da wasu kaya ƙasa da yadda ta saro su, kuma akwai lokacin da ta riƙa ba masu saye lambar asusun da ita ce ta ƙirƙire shi. Shagon faɗuwa ya yi. Cikin abubuwan da kamfanin ya ce za su taimaka har da ba ta ingantattun kayan aiki, kamar kundin da zai riƙa tuna mata da abokan ciniki.

Takarda mai guba

Wani abin da ya fi rashin iya rubutu haɗari shi ne mugun nufi. Tun da ɗan aike yana ɗaukar abin da ke cikin bayanin a matsayin gaskiya, mai son zuciya zai iya ɓoye umarni a ciki. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs da ke Suwizalan sun nuna hakan a aikace. Sun ƙera kayan aikin da a zahiri ba shi da wata illa, amma a cikin bayaninsa, inda mai waya ba ya gani, an rubuta wa ɗan aiken ya kwashi wasu bayanai ya aika waje. A wani gwajin sun nuna ana iya fitar da tarihin hirar mutum ta WhatsApp, idan ya haɗa ɗan aikensa da wata gadar da ba kamfanin WhatsApp ne ya ƙera ta ba, tare da wata gurɓatacciyar gada a gefe. Mai karatu ya tuna abin da ke cikin WhatsApp ɗinsa: farashin da ya saro kaya, hotunan rasit, lambobin asusu, sunayen masu bin sa da waɗanda yake bi.

A gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris na 2025, an ƙara alamomin da kayan aiki zai liƙa wa kansa, cewa shi karatu kawai yake yi, ko kuma yana iya ɓata abu. Sai dai ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin kada a amince da waɗannan alamu sai sun fito daga wanda aka yarda da shi, kuma ta ba da shawarar a bar wa mutum damar hana duk wani aiki kafin a zartar. Ko bayanin ya yi kyau, kwaɗon ƙofar ma yana iya lalacewa. Kamfanin Asana ya buɗe tasa gadar a farkon watan Mayu na 2025, a watan Yuni ya gano wani kuskure da kan iya nuna bayanan wani kamfani ga wani, ya rufe ta kusan mako biyu, kuma rahotanni sun ce abin ya iya shafar abokan cinikinsa kimanin 1,000.

Mu da ke bakin iyaka

Wani zai ce ina ruwan mai rumfa a Jibiya ko Birnin Ƙonni da wannan, alhali wuta ma ba ta ishe mu cajin waya ba? Amsarmu ita ce, a tuna farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Cikin 'yan makonni mutanen da suka rantse ba za su taɓa karɓar kuɗi ta waya ba suka koma tambayar lambar asusu. Sabon abu kan shigo kasuwa ne ranar da larura ta kama, kuma a ranar babu mai lokacin yin tambaya.

Jarrabawar da muka ambata da Turancin Ingilishi aka yi ta, a kan kanti da jirgin sama irin na Amurka. Lissafinmu kuwa daban yake. Idan ɗan Maraɗi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, domin dala guda sefa 5 ce. Na'urar da ta koyi Hausa daga labaran duniya tana iya ɗaukar cewa dalar Amurka 100 ake nufi, wadda ta ninka wancan fiye da sau ɗari. Jika guda a Nijar sefa 1,000 ce, amma jaka guda a bakin tsofaffin 'yan kasuwar Najeriya Naira 200 ce, lissafin da ya samo asali tun zamanin fam. Sefar ma iri biyu ce, ta Nijar da Benin daban, ta Chadi da Kamaru daban, duk da darajarsu ɗaya a kan kuɗin Yuro. Tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba, kuma buhun shinkafa mai kilo 50 ba ɗaya yake da babban buhun gero ba. Gurbin da aka rubuta masa "adadi" kawai, ba a ce na wane kuɗi ko wane ma'auni ba, tarko ne a wurinmu.

Batun rana ya fi wannan sarƙaƙiya. Ba'amurke idan ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu muke karantawa. Daren Juma'a a bakin Bahaushe yana farawa ne daga faɗuwar ranar Alhamis, wanda ya fassara shi kai tsaye zai makara da kwana guda cur. "Kasuwa mai zuwa" a Maigatari Alhamis ce, a Jibiya Lahadi ce. "Bayan Sallah" kuwa sai an ga wata. Ƙarfe goma a Kano da Maraɗi ƙarfe tara ce a Akara, sha ɗaya kuma a Khartum. Duk waɗannan abubuwa yaron shago yana koyonsu cikin wata guda ta hanyar saurare da shan faɗa. Shi ɗan aiken na'ura sai an rubuta masa.

Mun san ana ƙoƙari ta fuskar harshe. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma a watan Satumba na 2025 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da N-ATLAS, na'urar da aka horar da Hausa da Yarbanci da harshen Ibo. Abin a yaba ne. Amma jin Hausa daban, sanin lissafin kasuwar iyaka daban, kuma idan takardar kayan aikin ba ta da gurbin sefa, iya Hausar na'urar ba zai ƙirƙiro shi ba.

Wa zai biya idan an yi ɓarna?

A watan Fabrairu na 2024 wata ƙaramar kotu a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jiragen Air Canada, bayan na'urar hirarsa ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikiti ga wanda aka yi wa rasuwa. Kamfanin ya nemi ya raba kansa da maganar na'urar, kotun ta ƙi, ta ce ya biya dalar Kanada 812. Wannan hukuncin can ya tsaya, ba ya aiki a Katsina ko Damagaram. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, Nijar ma ta kafa tata tun 2017, amma ɗan kasuwar da ɗan aike ya goge masa lissafin bashi zai sha wuya kafin ya kai ƙarar kamfanin da ba shi da ko ofis a ƙasarsa. Saboda haka rigakafi tun a bakin rumfa za a yi shi.

Ranar da wani ya zo muku da tallar manhajar da za ta riƙe muku lissafi da baki, ku sa shi ya zauna. Ku ce ya nuna muku jerin abubuwan da ɗan aiken zai iya taɓawa, ya karanta muku bayanin kowanne, ya fassara. Ku tambaye shi waɗanne ne na dubawa kawai, waɗanne ne na gogewa ko aikawa, kuma ko na'urar tana tsayawa ta nemi izini kafin ta yi na biyun. Ku tambaye shi abin da aka goge yana dawowa ko ba ya dawowa, da kuma ƙasar da ake ajiye bayananku. Daga nan ku ƙirƙiri littafin bashi na wasa, da sunayen da babu su, ku gwada shi da irin maganarku ta kullum. Ku ce masa wane zai kawo jika talatin da dala ɗari daren Juma'a, sannan ku buɗe ku ga abin da ya rubuta. Ku maimaita sau takwas kamar yadda masu jarrabawar can suka yi. In mai tallar ya ce ba shi da lokacin wannan, kun riga kun sami amsarku. Littafinku na takarda kuma kada ya bar aljihun tebur.

Kira na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu, da matasanmu da suka karanci kwamfuta a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Kano da Sakkwato. Babu wanda zai zo daga San Francisco ya rubuta ma'anar dala da jika da tiya. Idan aka zauna aka tattara waɗannan kalmomi da ma'aunansu kasuwa-kasuwa, tare da 'yan tambayoyin gwaji, duk mai kawo manhaja sai ya bi ta kansu kafin a buɗe masa ƙofa. Gidajen rediyonmu na karkara za su iya taimakawa wajen tattarawa, tun da masu saurarenmu su ne masu ilmin. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu da amanar jama'a.